Yatsan Tsoho da Madubin Hangen Nesa

A wani ƙauye kusa da Kwaya akwai tudun rairayi da ba a nomawa. Da za a shuka masa gero zai bayar, amma an bar shi fili don a kansa ake tsayawa duban wata, kuma shekara arba'in da 'yan kai ke nan mutum ɗaya ne ke tsayawa a gaba, shi ne Tsoho.

Sunan kakansa aka sa masa, shi ya sa tun yana zanen goyo ake kiransa Tsoho. Ya yi rarrafe yana Tsoho, ya yi samartaka yana Tsoho, ya auri Ƙande yana Tsoho. Sai a 'yan shekarun nan ne jikinsa ya cim ma sunan, suka gaisa. Manomi ne kamar kowa, gero da wake da ɗan fegin gyaɗa. Karatunsa bai yi nisa ba, kuma in ana mahawara a gindin bishiya, nasa kason bai wuce "haka ne" ba. Amma ranar ashirin da tara ga wata, da la'asar sakaliya, in ya zura farar rigarsa ya nufi tudu, ko maigari baya yake bi.

A wurin mahaifinsa, Mala, ya koyi aikin. Daga kan tudun akwai itatuwa jere a yamma: kuka daga kudu, giginya biyu a tsakiya, gawo daga arewa. Mala ya nuna masa yadda rana ke sauya mafaɗa tsakanin itatuwan daga sanyi zuwa damina, da yadda ake auna dunƙulen hannu daga inda ta faɗi zuwa inda jinjirin wata zai leƙo. Ya kuma bar masa al'adar gidansu, wadda ba a yi a ƙauyukan maƙwabta. Mai duba ba ya magana. In an idar da magariba a kan tudun, sai ya miƙe hannun dama, ya tsayar da manuniya. Maza su zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗora haɓarsa a kafaɗarsa, ya bi hannun da ido har ƙarshen yatsa. Wanda ya gani ya ce, "Ga shi nan!" In mutum uku sun faɗa, makaɗin maigari ya buga ganga.

Ƙande ta daɗe tana ƙorafi a kan wannan al'ada, don ita ke wankin rigar. Ta ce babu gemun da bai bar mata tsaraba a kafaɗar dama ba, daga mai man shanu har mai goro.

Shekara uku da suka wuce idanun Tsoho suka fara yi masa rowa. Da farko kamar hayaƙin murhu ne ya tsaya tsakaninsa da duniya, daga baya abin ya koma kamar an shafa masa koko. Rana kam yana ganin faɗuwarta, ja jawur, itatuwan ma yana gane duhunsu. Jinjirin wata kuwa, wannan siririn zaren, ya daina zuwa masa. Sai dai hannunsa bai manta hanya ba. Yana aunawa, yana miƙa yatsa, mutane na ɗora haɓa suna cewa ga shi nan, shi kuma yana cewa alhamdu lillahi. Bai taɓa yin ƙarya ba, tunda ba a taɓa tambayarsa ba.

Ƙande kaɗai ta sani. Ta gane ne ranar da ya shigo gida ya tarar ta kife turmi ta shanya zane a kansa, ya rusuna ya gaishe shi, har da tambayar mutanen gida.

Saura sati biyu azumi, bayan sallar Juma'a, liman Malam Ukasha ya ce a ɗan dakata akwai saƙo. Malaman Magariya sun yi sabon tsari. Duk ƙauyen da aka ga wata, za a kira su a salula, a ba wanda ya gani, ya faɗi sunansa, ya shaida da bakinsa cewa idonsa ya gani, sannan su rubuta.

"Mu kam ba mu da wahala," in ji liman. "Muna da Tsoho. Bana har Magariya za a san sunansa."

Masallaci ya ɗauki murna. Goni, taubashin Tsoho, wanda tun suna yara bai taɓa barinsa ya sha ruwa cikin salama ba, ya dafa shi ya ce, "Bawana, ka fara koyon magana tun yau. In ka ce musu 'haka ne' za su kashe salular."

Tsoho ya yi dariya tare da kowa. A hanyar gida sau biyu yana tuntuɓe.

Ƙande ta saurare shi tana tankaɗe. Da ya gama ta ce, "Malam, ka faɗa wa liman gaskiya mana."

"In ce masa me? In ce shekara uku ina nuna musu abin da ban gani ba?"

"Ai sun gani."

"Ni fa?"

Ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan abu na roba, irin wanda alhazai ke kawo wa yara tsaraba, wanda in ka leƙa ka danna sai hotunan Makka su riƙa wucewa. Ta ce, "Gwada wannan. Har Ka'aba yake nunawa, balle wata da ke nan bayan gari."

"Ƙande, ina cikin damuwa kina wasa."

"To in yi kuka? Ga wata shawara. Ma'aikatan gandun daji da suka zo bara, na ga ɗayansu da wani madubi mai ido biyu rataye a wuya. Jumel suke ce masa. Daga bakin rijiya ya hango mai saran gawo a gonar Goni."

Ranar kasuwa Tsoho ya hau bayan kabu-kabu zuwa Magariya, ya ce wa mutane igiya zai sayo. A layin masu rediyo da fitilu ya sami teburin wani Nassirou, ya sunkuya ya yi tambaya ƙasa ƙasa kamar mai neman maganin basir.

"Madubin hangen nesa? Baba, ka zo gidansa!" in ji Nassirou da ƙarfi, har masu teburin gefe suka waiwayo.

Ya fito da iri uku. Akwai ɗan ƙarami da ake naɗewa a sa a aljihu. Akwai matsakaici baƙi, ba ado. Akwai kuma wani dogo mai zanen kayan soja, gilasansa ja kamar idon zakara, an rubuta masa lamba babba a gefe.

"Wannan lambar fa?"

"Sittin ke nan, Baba. Sau sittin yake jawo abu. Wancan ƙaramin takwas ne kawai."

Tsoho bai yi lakwal ba, wato boko, amma ya san sittin ta fi takwas. Kuma a saninsa, abin da ya fi nauyi ya fi aiki, ko garma ce ko tabarya. Nassirou ya juya shi ya fuskanci dogon ƙarfen salula da ke bayan kasuwa, ya ɗora masa madubin. Tsakar rana ce, haske kamar zai fasa kai. Wani abu ja da fari ya cika masa ido, ƙato, yana rawa.

"Ka gani, Baba?"

"Na ga wani abu."

"Shi ne!"

Ya karɓa, ya naɗe a cikin buhu, ya dawo gida. Igiyar ma ya manta.

Da yamma ya zagaya bayan danga, inda ba mai ganinsa. Ya jira rana ta faɗi ya ɗaga madubin. Duhu ya gani, kamar ya leƙa cikin tulu. Da ƙyar ya laluɓo kuka, ita kuma ta ƙi tsayawa, sai tsalle take daga wannan gefe zuwa wancan, don hannunsa na rawa kuma madubin na ninka rawar. Kafin a jima kansa ya fara juyawa.

"Bawana, yaƙi za a yi ba a gaya mana ba?"

Goni ne, ya dawo daga ɗaure awaki.

"Tsuntsaye nake dubawa," in ji Tsoho. "Saboda gona."

"A bazara? Me za su ci a gonar, kara? Kawo in gani." Goni ya leƙa, ya juya hagu, ya juya dama, ya miƙo masa. "Wannan ai rijiya aka sayar maka. Kai da Allah ya ba idon shaho, me ya kai ka?"

Tsoho ya ce haka ne.

Ƙande ce ta tuna da mijin ƙanwarta, Mansur, wanda ake ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, don ya yi shekara talatin yana aikin gandun daji kafin ya huta ya koma Mallawa. Saura kwana tara Tsoho ya sake hawa kabu-kabu, buhunsa a cinya.

Mushe Mansur mutum ne mai son bayani, kuma tun da ya bar aiki bai sami wanda zai yi wa ba sai kaji. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya juya jan madubin a hannu, ya yi tsaki.

"Yaya, wa ya haɗa ka da wannan? Sittin ɗin nan fenti ne. Kuma da gaske ne ma, da ba ka iya riƙe shi ba, sai an kafa masa ƙafa. Jan gilashin nan kuwa kwalliya ce, haske yake ci."

Ya shiga ya fito da nasa, tsoho, fentin ya goge a inda yatsu ke kamawa.

"Kowane jumel lamba biyu gare shi. Ka ga nan, bakwai da hamsin. Ta farko, sau nawa yake jawo abu kusa. In ta yi yawa, hoto ya yi ta rawa, kuma filin da kake gani ya tsuke, ka yi ta neman abu ba ka same shi ba. Ta biyu, faɗin gilashin gaba. Shi ne ƙofar da haske ke shiga. Ɗan na aljihu ƙofarsa ƙarama ce, da rana lafiya lau, mai kiwo zai ji daɗinsa. Amma kai aikinka bayan faɗuwar rana ne, lokacin da haske ya rage kaɗan. Ƙofa mai faɗi kake so da jawowa daidai wa daida. Wannan ke nan. Abu ɗaya, kada ka kuskura ka kalli rana da shi, ko tana faɗuwa."

"Ashe a tsakar rana na gwada abin magariba," in ji Tsoho.

"Kowa haka yake yi. Kasuwa ba ta ci da magariba."

Ya nuna masa yadda ake buɗe shi daidai tazarar idanu, da ɗan gargaren tsakiya da ake murzawa har hoto ya fito, da na idon dama da ake gyarawa shi kaɗai. Suka jira har rana ta yi sanyi. Can bakin fili akwai jaki ɗaure a turke.

"To Yaya, duba wajen bishiyar can. Me ka gani?"

Wannan karon hoton bai yi rawa ba, kuma akwai haske. Tsoho ya gyara riƙo. Ya murza gargaren gaba, ya murza baya.

"Mace ce," ya ce a hankali. "Ta duƙa tana tsintar wani abu."

Mushe Mansur bai yi dariya ba. Ya karɓi madubin, ya juya fuskar Tsoho wajen haske, ya ɗaga masa fatar ido da babban yatsa, na dama, sannan na hagu. Ya daɗe yana kallo.

"Yanar ido ce, Yaya. Duka biyun. Ta yi fari."

"To a ƙara lambar mana."

"Ba lambar da za ta yi. Madubi nesa yake jawowa, ba ya wanke ido. Abin da ya jawo, a bayan yanar zai ajiye maka shi. Wannan aikin likitan ido ne. A Damagaram ana cirewa, na san mutum biyu da aka yi wa, suna gani."

"Da wuƙa?"

"Da ɗan abu ƙarami."

"Wuƙa ke nan." Tsoho ya ƙirga kwanaki da yatsu. "Kwana tara ya rage, Mushe."

"Ko gobe ka tafi, ba za a gama kafin nan ba."

Suka zauna, jakin ya yi kuka daga can, kamar mai son a san ko shi wane ne. Da Tsoho zai tafi, Mushe Mansur ya rataya masa madubin a wuya. Ya ce ya je da shi, wata yana da nasa haske, ba kamar jaki ba, wa ya sani. Daga yadda ya faɗa, Tsoho ya gane shi ma bai sa rai ba.

Kwanakin suka wuce. Kullum da asuba Ƙande na fita ta duba tsohon wata a gabas ta gaya masa yadda ya rame da inda ya tsaya, shi kuma yana lissafinsa a zuci. Ranar da ta ce ba ta gan shi ba, ya ce to, jibi.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban gari ya fito kaf, har waɗanda ba su saba zuwa ba, don kowa na son jin an faɗi sunan ƙauyensu a salula. Mata suka tsaya a gindin tudu. Tsoho ya so a ce akwai ɗan gajimare, ko guda ɗaya, wanda zai ɗauke wa kowa gani a huta. Ya tambayi Goni yadda sama take.

"Tas, kamar an wanke. Kai da ke da ido huɗu yau kake tambayata?"

Rana ta faɗi dab da giginyar kudu. Aka yi magariba a kan rairayi. Tsoho ya tashi, ya tsaya inda Mala ke tsayawa, ya auna dunƙule ɗaya da 'yan yatsu, ya miƙa hannu.

Goni ne ya fara ɗora haɓa. Tsoho na jin numfashinsa a kunne, da warin goro.

"Ga shi nan! Wallahi ga shi nan, a kan farcenka!"

Na biyu ya zo, ya gani. Na uku ma haka. Makaɗi ya gyara ganga. Liman ya fara danna salula.

"Goni," in ji Tsoho ƙasa ƙasa, "tsaya a gabana. Ara mini kafaɗarka."

Goni ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya dubi fuskarsa, ya fasa. Ya juya ya tsaya. Tsoho ya kafa gwiwar hannuwansa a kafaɗun taubashinsa, ya ɗaga madubin Mushe Mansur daidai inda yatsansa ya nuna. Hoton ya tsaya cak. Sama ta matso, fara, mai haske, kamar nono a ƙwarya. Ya murza gargaren tsakiya har ƙarshe, ya dawo da shi. Ya rufe idon hagu, ya gyara na dama. Ya rufe na dama. Ya san watan na nan a tsakiyar abin da yake kallo, ya san ko taku ɗaya bai kauce ba. Farin nan dai shi ne.

"Sun ɗauka," in ji liman. "Ga su, Tsoho."

Aka sa masa salular a kunne. Wata murya mai ladabi ta yi sallama daga Magariya, ta tambayi sunan ƙauye, ta tambayi nasa, ya faɗa.

"Malam Tsoho, kai ne ka ga wata da idonka?"

Kowa ya kasa kunne. Kalma biyu ce, "na gani", kuma ba wanda zai ƙaryata shi, ga mutum uku sun gani a yatsansa. Azumin mutane ba zai ɓaci ba.

"Ban gani ba," ya ce.

"Na'am?"

"Ni ban gani ba. Shekara uku ke nan ban gani ba. Ga wanda ya gani."

Ya miƙa salular wajen da yake jin Goni. Goni ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi garwashi. Aka ji yana cewa e, ya gani, a yamma, sama da giginya. Aka ji ya faɗi sunansa. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma a yatsan Tsoho na gani, ku rubuta da wannan." Ya saurara kaɗan. "To. To, na ji. Suna ɗaya kawai ake rubutawa."

Ganga ta tashi. Mutane suka fara gangarawa suna yi wa juna barka, kowa in ya zo wucewa ta gaban Tsoho sai ya rage murya. Liman ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya bi sahu.

Ƙande ta hau tudun, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kama gefen rigarsa suka fara sauka, madubin na bugun ƙirjinsa a kowane taku.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi."

"A kwance yake ko a tsaye?"

"A kwance, kamar ƙwarya. Ƙahon dama ya ɗan ɗaga."

"Haka na ce a raina."

Ta kakkaɓe masa kafaɗa. "Dubi yadda Goni ya yi mini da riga. Mutum ya yi ta cin goro kamar akuya."

Daga bayansu suka ji Goni na haki cikin rairayi yana kira. "Bawana! Kai, bawana, tsaya! To watan Sallah fa? Ni wallahi ban san inda ake dubawa ba!"

Tsoho ya ci gaba da sauka. Ya tambayi Ƙande ko akwai rami a gabansu, ta ce akwai, ya bi ta hagu.